Hannun da Yaya Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Kun ishe ni. Tun da na dawo daga Misira ba ni da sakat. In na je makarantar manya a tare ni, in na shiga gidan suna a ja ni gefe, har mai kayan miya ta bakin layinmu sai da ta ce, "Tabawa, wai da gaske likitocin can buɗe kan mutum suke su leƙa?" Kowa na ba ta guntun labari, sai in ji guntun ya zagayo ya dawo mini da abin da ban faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, tunda Allah ya sa na koyi rubutu ko da yake sai da furfura ta fito. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata, amma kar wadda ta sake tare ni a hanya.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba: Yaya Lami yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana zaune a Goron Dutse tare da ɗanta Kabiru mai shagon atamfa, da matarsa Bilkisu, da 'ya'yansu biyu. Bara hawan jini ya buge ta, ɓarin hagu ya shanye. Aka kwantar da ita, aka sallamo ta, ana kai ta gashin ƙashi har ƙafar ta fara takawa. Bakinta ras. Hankalinta kuwa, har wanda bai zo dubiya ba tana riƙe da sunansa.

Sai abu biyu suka ɓullo. Na farko, ta dubi hannunta na hagu ta ce, "Wa ya ajiye mini wannan a gado? Ku ɗauke shi, nauyi gare shi." Mu ce naki ne, ta ce, "Ni ce ban san hannuna ba?" Na biyu, ta ce akwai wata muguwa da ke lallaɓowa ba sallama, ta taɓa ta, ta ɓace. Sai ka ji ihu daga ɗakinta. Duk sanda aka ruga kuma, Bilkisu ake tararwa a durƙushe a bakin gado. Ga shi Yaya na ta ƙorafi cewa matar Kabiru ta daina zuwa gaishe ta, sai dai ta hango ta tana wucewa a tsakar gida kai a sunkuye.

Ku haɗa wannan da kanku. Ni dai na haɗa. Na shekara da shekaru ina dillanci gida-gida, daga takun mace nake gane ko saye za ta yi ko ɓata mini lokaci. Na ce wannan shiru-shirun na Bilkisu akwai abu a ƙarƙashinsa. Maganar hannun ba mu taɓa kai ta gaban likita ba a Kano, don mun ɗauka ba ta asibiti ba ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Da abokan Kabiru suka ba shi shawarar Alƙahira, ni na ce a haɗa mu da Bilkisu. A fili na ce bayana ba zai iya ɗaga Yaya ba, wanda gaskiya ne. A ɓoye kuma Kabiru ya san dalilina.

Ana gobe za mu tashi ya same ni a soro.

"Inna, kaina ya ɗaure," ya ce. "In na kalli Bilkisu sai in ga ba za ta aikata ba. In na ji ihun Hajiya sai in ji kamar in kore ta a ranar."

"Bar mini ita. A can babu uwarta, babu ƙawayenta, babu malaminta in tana da shi. Ɗaki ɗaya za mu zauna. In akwai abu zan gani."

"Duk abin da kika gani shi ke nan. In ita ce, ranar da kuka sauka ranar za ta koma gidansu Dambatta. Uwa ɗaya gare ni."

Kun ga ke nan ba jinya kaɗai ta kai ni ba. Auren yarinyar nan a hannuna yake, kuma tun kafin mu tashi na riga na san inda na karkata.

Tun a filin jirgin Kano aka fara. A wajen binciken kaya aka zaro wani ɗan gwangwani naɗe cikin tsumma daga jakar Bilkisu. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta sansana, ta mayar. Ni ban mayar ba.

"Mene ne wannan?"

"Man kaɗanya ne, Inna. Na shafa mata ne."

Na sansana, kaɗanya ce. Amma abin da aka tofa a cikin mai ai ba ya wari. Na jefa shi a jakata.

Daga nan sai wajen da ake buga fasfo, inda ake ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi. Yaya na kan keken marasa lafiya, Bilkisu na turawa ta baya. Jami'in ya ce, "Hajiya, ɗora na dama." Ta ɗora. "To, na hagu."

"Ban zo da shi ba," in ji Yaya.

"Ga shi nan a cinyarki, Hajiya."

"Wannan? Ba nawa ba ne, ɗan nan. Haɗa ni da shi aka yi. Na yi ta cewa a bar shi a gida, an ƙi."

Mutumin ya ajiye biro ya gyara zama. "Wa ya haɗa ki da shi?"

Mutanen layi duk suka miƙo wuya. Na ce, "Malam, shanyewar ɓari ce, ka yi aikinka mu wuce." Ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma dai sai an ɗora. Kafin in motsa, Bilkisu ta zagayo ta gefe a durƙushe, ba ta ce uffan ba, ta ɗaga hannun zuwa gilashin. Yaya ta ƙwalla ƙara: "Ta biyo ni! Har nan ta biyo ni!" Na dubi Bilkisu, ta sunkuyar da kai. Na ce a raina, ɗaya ke nan.

A jirgi na zauna a tsakaninsu. Ban yarda da jirgin ba, ban yarda da matan nan masu murmushin da ba ka ba su dalilinsa ba, abincinsu kuma sai da na tambaya sau biyu ko yankan Musulmi ne. Wani abu ya faru da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Yaya ta cinye rabin shinkafarta, ɓangaren dama tas, ta bar na hagu kamar an yanka da wuƙa, tana mita wai rowa gare su. Na jawo farantin zan rufe, ya juya a hannuna, sai ta ce, "Au, sun ƙaro?" Ta cinye. Na ce wannan sammun ba ƙarami ba ne, har abinci yake ɓoye mata.

Da muka sauka Alƙahira, layin masu shiga ƙasa ya fi na gidan mai tsawo. Da muka kai gaba, jami'insu ya karɓi fasfo ɗinmu, ya dube ni, ya haɗe yatsunsa biyar wuri ɗaya kamar mai ɗaukar lomar tuwo, yana ɗaga su sama da ƙasa. Na ce to, ashe nan ma haka ake. Na ce masa da Hausa, "Ba ka ji kunya ba? Da mara lafiya a keke kake neman na goro?" Ya sake yi, a hankali. Na ɗaga murya. Wani Bakano da ke bayanmu, wanda ya saba zuwa, ya ce, "Hajiya, cewa yake ki ɗan jira, na'urarsa ce ta tsaya. Haka suke cewa a yi haƙuri." Na ce to ya buɗe baki ya faɗa mana, ai ba kurma ba ne.

A waje wata mata ta tare mu, baƙa, mai jiki, ta naɗe da lafaya. Hajja Nafisa ke nan. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka tashi daga ƙasar nan a ƙafa za su Makka suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Yaƙi ya koro ta Misira, yanzu sana'arta saukar da masu jinya daga Nijeriya da yi musu tafinta. Hausarta irin ta kakata ce, ta cakuɗe da Larabci, kome ka ce mata sai ta ce "malesh," wato a yi haƙuri. Ban yarda da ita ba. Mutumin da ya cika ba ka haƙuri tun kafin ya yi maka laifi, yana da laifin da yake shirin yi.

Masaukin yana can sama a wani tsohon bene, ana hawa da lifta mai kamar kabad ɗin kwanuka. Ni na bi matakala har ranar da gwiwata ta ƙi. Ɗaki ɗaya ne da gado biyu da katifa a ƙasa, sai baranda. A barandar nan na ga abin mamaki. Matan benen ba sa sauka sayen abu. Kwando suke ɗaurewa da igiya su zura ƙasa, mai gurasa ya zuba musu, su jawo. Na ce wa Nafisa, "A layinmu kafin kwandon nan ya dawo, har igiyar an tafi da ita." Ta ce malesh.

Gurasarsu ba ta kai tamu ba, ba ƙuli-ƙuli ba yaji, ga ta kamar an busa mata iska. Da safe wake, da rana wake. Akwai wani abinci da suke ji da shi, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar wanda aka tattaro ragowar gidan biki. Ranar da Nafisa ta ce za ta yi mana miyar manyansu, na zauna ina jira, sai ga miyar lalo, an kashe ta da tafarnuwa. Abin shan da suke yi wa baƙo ƙwalisa da shi kuwa zoɓo ne. Allah ya sa na taho da kuka da daddawa da yajina.

Abu ɗaya ya yi mini daɗi a garin. Motocinsu ba sa tsayawa kowa, sai na ga duk mai son tsallaka titi yana miƙa hannu ya ware wa direba yatsu biyar a fuska. Tsofaffi, mata, har masu rawani, kowa daƙuwa yake yi, kuma ba direban da ya fito da faɗa. Nafisa ta ce ai "dakata" ke nan. Na ce madalla. Na yi wa direbobin Alƙahira daƙuwa da hannu biyu har na gode Allah, suna tsaya mini.

Amma idona na kan Bilkisu. Ita ke wanki, ita ke girki, ita ke wanke bayi, ba ta cin abinci in Yaya na ɗakin, ba ta zama inda za su haɗa ido. Wata rana bayan azahar na kwanta na yi kamar barci ya ɗauke ni, na bar ido ɗaya a buɗe. Yaya na kishingiɗe idonta biyu. Sai ga Bilkisu ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta jawo jiki da gwiwa ta bi ta gefen hagu har kusa da kan gado. Leɓenta na motsi, ba sauti. Ta ɗebo man girki a tafinta, tunda na ƙwace kaɗanyar, ta kama hannun nan. Yaya ta fasa ihu. Bilkisu ta saki, ta ja da baya ta rakuɓe a jikin bango.

Na ja ta baranda. "Me kike karantawa?"

"Sallama nake yi, Inna."

"Sallamar da ba a ji? Aljanu kike yi wa?"

"Ba na iya ɗaga mata murya."

"Amma kina iya sa ta ihu."

"In ba a murza hannun ba ƙagewa zai yi. Masu gashi suka ce."

Hawaye na zuba, kanta na ƙasa. Hawaye ba ya saye na, na ga irinsa a wajen matan da suka cinye mini kaya. Da yamma Kabiru ya bugo ya ce yaya ake ciki. Na ce, "Na kusa gamawa."

Asibitin ba zan faɗi sunansa ba, kar ku ce talla nake. An ɗauki hoton kan Yaya a cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, ba a buɗe kan kowa ba, mai kayan miya ki ji. Daga baya aka shigar da mu wajen likitar ƙwaƙwalwa, wata dattijuwa siririya mai tabarau. Tun a hanya na ja wa Nafisa kunne cewa maganar hannu da ta mai lallaɓowa sirrin gida ne, ba ruwan likita. Muna zama sai na ga tana nuna hannun Yaya tana zuba Larabci. Na taka mata ƙafa. Ta ce malesh, ta ci gaba.

Likitar ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya fara ba ni haushi ke nan. Ta ɗaga hannun ta kawo shi gaban fuskar Yaya ta tambaya na wane ne. Yaya ta ce, "Wataƙila nata ne. Ku ce ta ɗauki kayanta." Likitar ta tambaya ko tana barin rabin abinci a faranti. Na dubi Nafisa, don ita ba ta cikin jirgi, ban kuma faɗa mata ba.

Sai likitar ta juyo da allon kwamfuta wajena. Baƙi ƙirin ne, da 'yan ɗige-ɗige farare kamar an watsa wa kaji gero. Ta ce me na gani. Na ce gero. Ta danna wani abu, ɗigon suka motsa. Wallahi sai ga mutum yana tafiya. Babu kai, babu riga, babu fata, ɗigo ne kawai, amma mutum ne, namiji ma, mai tafiyar isa. Ta sake dannawa, ya tsaya, ya koma gero. Na yi a'uziyya na ja kujerata baya. Ta kunna wani, na ce wannan sunkuyawa ya yi ya ɗauki abu mai nauyi. Wani kuma na ce jifa zai yi, tun bai saki ba. Na ce wa Nafisa ta tambaye ta wa ta ɓoye a ciki. Likitar ta yi dariya ta ce ba kowa. An manna wa mutum 'yan fitilu ne a gaɓoɓinsa, kafaɗa da gwiwa da idon sawu, aka ɗauke shi a duhu. Sauran jikin, ta ce, kaina ne ya cike shi.

Aka juya wa Yaya allon, a daidai damarta. Ta kalla, ta kalla. "Ƙwari ne a jikin fitila," ta ce. Aka kunna mai jifan. "Ƙwarin ne dai. Ku kashe fitilar su watse."

A nan jikina ya ɗan yi sanyi, amma ban nuna ba.

Likitar ta yi dogon bayani, Nafisa ta gutsuro mini kaɗan. Na ce ban yarda ba, ta faɗi duka, ba ragi. Ga abin da na riƙe. Wai ido ɗauko hoto kawai yake yi, ganewa a cikin kai ake yinta. Akwai wurin da aikinsa shi ne gane cewa wancan jikin mutum ne, da kuma inda motsinsa ya dosa, har kafin hannu ya iso gare ka ka riga ka san miƙo maka abu za a yi ko mari. Akwai kuma wurin da ke riƙe da sanin jikinka, cewa wannan ƙafar tawa ce, wannan hannun nawa ne. A kan Yaya, jinin ya ɓata wuraren nan ta ɓangaren dama, kuma dama ce ke kula da hagu. Na ce ai Nafisa ce ta birkita maganar. Aka sake tambaya, aka ce haka Allah ya tsara. Saboda haka duk abin da ke hagun Yaya, idonta lafiya lau amma kanta ba ya kula shi, kamar babu shi a duniya, har hannunta.

Na ce, "To ni da nake gane halin mace daga takunta fa?"

Ta ce da wurin nan nake yi, kuma ga alama nawa yana da kaifi. Sai dai kintace yake yi daga abin da ya saba gani, yana dacewa, yana kuma kuskure. Nafisa ta haɗe yatsunta biyar ta ɗaga mini su sama da ƙasa tana murmushi. Ashe Bakanon nan ya ba ta labari. Na kau da kai.

"Duk na ji," na ce. "Amma me ya sa mutum ɗaya take yi wa ihu? Ni ba ta yi mini, ɗanta ba ta yi masa. Ta amsa wannan."

Likitar ta ce in nuna yadda nake zuwa wajen Yaya. Na tashi na tsaya a gabanta na ce, "Yaya, ya jikin?" yadda na saba, har wata nas ta leƙo. Yaya ta ce da sauƙi, in rage murya. Sai aka fita da mu baranda, aka ce Bilkisu ta nuna nata a jikin kujera. Ta nuna: cire takalmi, durƙuso, jan gwiwa ta gefen hagu inda hannun ciwon yake, kai a ƙasa, leɓe na motsi. Likitar ta ce ni in koma ciki in yi wa Yaya haka, kar in canza kome.

Na ce ni? Rabona da durƙusa wa mutum tun uwar mijina na da rai. Amma ina so in ƙaryata matar nan. Na cire takalmi, na durƙusa gwiwata na ƙara, na ja jiki ta hagun keken, na yi sallama a cikin maƙogwaro. Ina kusa da Yaya har ina jin ƙamshin turarenta, ba ta ko ƙifta ba. Na kama hannun.

Ihun da ta yi sai da ya cika asibitin. Hannun damarta ya zo ya sauka a kuncina, tau. Ta damƙi hijabina tana jijjiga ni tana kira, "Ga ta! Ga muguwar, na kama ta! Tabawa! Tabawa, kina ina? Zo ki taimake ni!"

Ni ce a hannunta, ni take kira.

Da aka lallashe ta, likitar ta ce ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a rage da horo. A matsar da gado daga bango, a riƙa koya mata juyar da kai hagu. Duk mai zuwa wajenta ya zo ta gaba, a tsaye, ta ga fuskarsa, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya faɗi abin da zai yi kafin ya taɓa ta. Ta dubi Bilkisu ta ce musamman ita.

A tasi Bilkisu ta ce, "Inna, ba zan iya ba. Kakata ce ta raine ni, Bafulatana. Har ta rasu ban taɓa ganin ta kalli surukinta a ido ba. In tsaya a kan Hajiya in ɗaga mata murya? Gara ta yi ta dukana."

Har lokacin kuncina na zafi. Da muka isa masauki na zaro gwangwanin kaɗanyar na ajiye mata a kan katifa. Sauran kwanakin ni na riƙa murza hannun, ta gaba, ina shela kamar mai tallan magani. Bilkisu ta gwada sau ɗaya, ta kai tsakiyar ɗaki gwiwarta ta kai ta ƙasa da kanta. Kabiru ya yi ta bugowa, na ce sai mun zo. In na ce masa gero ya zama mutum a kwamfuta, cewa zai yi ni ma an gama da ni.

Ranar da muka sauka, gidan Goron Dutse cike yake da mata 'yan sannu da zuwa, wasunku na ciki. Kabiru ya tare ni a soro, fuskarsa ba annuri.

"Inna, me kika gani?"

"Zo ka ɗaga gado tukuna."

Muka janye gadon daga bango, aka zaunar da Yaya. Na sami Bilkisu a madafi, na ce, "Ga akwatinki can ba ki ko buɗe shi ba. Ko ki je ki tsaya a gabanta yanzu, ko ki ɗauke shi ki wuce Dambatta ki bar 'ya'yanki. Bakina ba zai wanke ki ba, ni na fara shafa miki baƙin. Sai ya gani da idonsa."

Ta shigo. Matan suka ba ta hanya. Ta zo ƙafar gado, na ga gwiwarta za ta tafi, na ce, "Miƙe!" Ta miƙe. Ta ɗago kai kamar ana ɗaga mata dutse, ta kalli Yaya a ido, ta ɗaga murya har tsakar gida an ji.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ni ce Bilkisu. Zan kama hannun nan in shafa masa mai."

Wata a bayana ta ce, "La ilaha, ji tsaurin ido."

Yaya ta daɗe tana kallonta. "Bilkisu? Sai yau kika ga damar zuwa? Wata da watanni ina kwance." Ta harare ta, sannan ta buga katifa da hannun dama. "Zauna nan inda nake ganinki. Akwai wata muguwa da ke zuwar mini, har Misira ta bi ni, na dai mare ta a can. In ta zo ki kore ta."

"To, Hajiya," in ji Bilkisu. Ta zauna, ta kama hannun, ta fara murzawa. Ba ihu.

Kabiru ya dube ni. Na nuna masa kuncina na ce, "Ga muguwar. Sauran bayanin sai na ci tuwo." Ya fita ya ɗauki akwatin Bilkisu da kansa ya kai ɗakinta.

Ban ce na yarda da duk abin da likitar nan ta faɗa ba, har yanzu ina ganin akwai wanda aka ɓoye a kwamfutar, kuma Nafisa ba duka ta fassara mini ba. Rubutun sha ma ba mu daina ba. Amma na ji ana yawo da magana cewa matar Kabiru ta dawo daga Misira ba kunya, tana tsayawa a kan uwar mijinta tana magana gatsal. Ni na sa ta. Wadda abin ya dame ta ta san gidana a Gwale.

Hannun kuwa har yau Yaya ba ta karɓe shi ba. Shekaranjiya wata 'yar dubiya ta kai hannu za ta gyara mata shi, Yaya ta buge ta. Ta ce na matar Kabiru ne, ajiya ta ba ta, kar wanda ya taɓa.